Wanda Ya Miƙa wa Yayana Aska

Kafin masu shaguna su gama ɗage ƙofofinsu da safe, Baba Madubi ya riga ya share gaban shagon askinsa, ya shanya tawul a igiya, ya tafasa ruwa ya zuba wa almakashi da mataji. Ba ya gaggawa, ba ya kuma son a sa shi. Idan ka zauna kana duba agogo, sai ya nuna maka shagon samarin da ke tsallaken titi, ya ce can ake aski da gudu. Amma ranar Litinin da Alhamis, da hantsi ya ɗaga, yakan kulle shagon ko da akwai mai jira a benci, ya rataya tsohuwar jakar fata a kafaɗa, ya saƙale madubi naɗe da tsumma a hammata, ya nufi babban asibiti.

Ɗakin masu karaya na maza yake zuwa. Wanda bai taɓa shiga ɗakin nan ba bai san yadda zaman wata da watanni a gado ɗaya yake cin mutum ba. Ga ƙafafu a rataye da ƙarfe, ga hannuwa cikin siminti, ga fanka tana juya warin magani. A makon farko 'yan uwa sukan cika wurin har a rasa inda za a taka. Daga baya sai a fara raguwa, gemu kuma ya fara tsawo, har mutum ya daina tambayar yau wace rana ce. Waɗannan mutanen Baba yake bi gado-gado yana yi wa aski kyauta, shekara fiye da ashirin. Nas-nas da yawa sun zo sun tarar da shi, sun yi ritaya sun bar shi.

A nan ya samo sunansa. Idan ya gama aski sai ya ɗaga madubi a gaban mutum, kuma ba ya saukewa sai an duba. Wasu sukan kau da kai, don sun daɗe ba su ga fuskarsu ba kuma suna tsoron abin da za su tarar. Shi kuwa ko gezau. Sai ya ce, "Duba mana. Ni na gama nawa aikin, wannan naka ne."

A wannan watan ya ajiye aikin, saboda hannunsa na dama ya fara rawa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Waɗanda suka san ni sun san bakina ya fi saurin ƙorafi a kan yabo, amma wannan dattijon ya yi wa gidanmu abin da ba zan iya yin shiru a kai ba.

Yayana ne ya yi jinyar mahaifinmu. Shekaru ya yi yana ɗaga shi, yana juya shi, yana yi masa wanka. Da tsohon ya kai inda ba ya yarda kowa ya taɓa fuskarsa sai ɗansa, Baba Madubi ne ya riƙa zuwa gida har ya koya wa Yaya riƙon aska. Ranar da mahaifinmu ya rasu Yaya bai yi kuka ba. Shi ya tsaya a kan komai, mutane suna ta yaba ƙarfin zuciyarsa. Bayan kowa ya watse sai ya shiga ɗakinsa ya ja ƙofa.

Da farko mun ce gajiya ce. Sai abinci ya fara dawowa yadda aka kai shi. Ya daina zuwa wurin aiki, ya daina ɗaga waya, gashin kansa da gemunsa suka yi buzu-buzu. Masu ba da shawara kuwa ba su bar mu mun huta ba. Wannan ya ce ya yi haƙuri, wancan ya ce ai namiji ba ya haka, wata maƙwabciyarmu ta ce lalaci ne kawai. Wata safiya na kai masa shayi, yana zaune a bakin katifa yana kallon tafin hannunsa, ya ce da ni a hankali, "Da na bi tsohon nan, da kowa ya huta."

Kofin bai faɗi ba, amma ni ji na yi kamar an zare mini ƙasa. Na gaya wa Inna. Ta tashi ta bi gidan nan kaf, ta tattara wuƙaƙe, da reza, da almakashin ɗinkina, da ragowar magungunan mahaifinmu, ta zuba a akwatin ƙarfe ta kulle, ta ƙulle makullin a bakin zaninta. Ko albasa za ta yanka sai ta shiga ɗakinta ta sa sakata. Washegari muka kai shi wurin likita. Likitan ya ce ciwon damuwa ne, ciwo kamar kowane ciwo, ya ba shi magani, ya sa mana ranar dawowa, ya kuma ce kada a bar shi shi kaɗai. Daga ranar na zama mai gadin yayana. Maganin ya dawo masa da barci, amma bai fito da shi daga ɗaki ba.

Ana cikin haka Baba Madubi ya yi sallama a ƙofar gida, jaka a kafaɗa. Na ɗauka aski ya zo yi wa Yaya, har na fara murna. Ya tsaya a bakin ƙofar Yaya, bai shiga ba, ya ce, "Ɗana, ban zo taɓa kanka ba, ka bar abinka. Kafaɗata ce ke ciwo. Ina neman wanda zai riƙe mini madubi."

Yaya bai fito ba. Ya ɗan jira, ya ce, "To, sai Alhamis," ya tafi. Ran Alhamis ya dawo da maganar kafaɗa, Litinin ma haka. Bai taɓa cewa "ka daure" ba, bai taɓa yi masa wa'azi ba. Kullum dai shi ne mai buƙata. Har na fara jin haushin nacinsa, sai ga wata Litinin ƙofa ta buɗe, Yaya ya fito da silifas, idanunsa a ƙasa, ya miƙa hannu ya karɓi madubin.

Inna ta yi mini alama da ido, na suri mayafi na bi su. Duk tsawon hanya idona yana kan jakar nan, don na san abin da ke ciki. Muna isa asibiti na ja Baba gefe a baranda.

Na ce, "Baba, ka san abin da ya faɗa. Ka kuma san abin da ke cikin jakarka."

Ya ce, "Na sani, 'yata. Jakar tana kafaɗata, madubi ne a hannunsa."

Na ce, "Madubin ma ai gilashi ne."

Ya dube ni sosai kafin ya amsa. "Sai da na je na ga likitansa kafin na taka gidanku. Shi ya ce in gwada, a hankali, kuma kada a fasa magani. Ki tsaya kusa, ba zan hana ki ba. Amma ki bar shi ya riƙe wani abu. Hannun da ya saba ɗaga mutum ba ya iya zama haka nan."

Na tsaya kusa ɗin. Yaya ya bi Baba gado-gado kamar wanda ake ja, yana ɗaga madubi idan an ce ɗaga. Amma mai riƙe madubi yana ganin abin da kowa ba ya gani, domin shi ne ke tsaye daidai gaban fuskar mutum lokacin da ya sake ganin kansa. Ya ga wani magini ya shafa haɓarsa ya ce matarsa za ta gane shi yau. Ya ga wani dattijo ya fashe da kuka, sannan ya nemi a gyara masa hula. A hanyar komawa gida ya tsaya ya sayi burodi.

Kada in yi muku ƙarya, abin bai tafi santsi ba. Wani makon zai fita, wani makon ya ƙi buɗe ƙofa. A irin wannan ranar Baba yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mutanenka suna tambaya. Direba ya ce ba wanda ya iya riƙon madubi daidai sai kai." Direban nan tsohon matuƙin babbar mota ne, ƙafarsa ta dagargaje a hatsari, ya daɗe a gadon kusa da taga. Bakinsa ba ya hutawa. Shi ya fara tsokanar Yaya: "Kai mai madubi, kana nuna wa mutane fuskarsu, taka fa? Ko aljanu ne suka ba ka ajiyar gashin?" Na daskare, ina jiran Yaya ya ajiye madubin ya fice. Sai na ji wani ɗan sauti ya fito ta hancinsa. Ba dariya ba ce sosai, amma rabona da jin ko irinta tun kafin rasuwar mahaifinmu.

A hankali Baba ya fara ba shi tawul, sannan buroshin kumfa, sannan kilifa, wato injin aski. Aska dai ba ta bar hannun Baba ba.

Babbar nas ta ɗakin ce ta gaya mini asalin zuwan Baba, wata rana da ta gan ni tsaye kamar soja. Ta nuna mini gadon lungu, ta ce a nan ɗansa ya kwanta bayan hatsarin babur, a nan kuma ya cika. Baba ya rufe shago, ya shige ɗaki, ya rame har mutane suka daina gane shi. Da ƙyar aka tura shi ya zo karɓar kayan yaron da suka rage. Mutumin da ke gado na kusa ya ce, "Ba kai ne mai aski ba? Dubi yadda na koma." Washegari ya dawo da jaka. Da na tambayi Baba ko gaskiya ne, cewa ya yi, "Ranar na fara jin yunwa. Mutane suna ta ce mini Allah ya ba ni lada, amin, ina so. Amma ki sani, ni ma magani nake zuwa sha a ɗakin nan."

Ranar da ba zan manta ba wata Alhamis ce, a cikin mummunan mako. Da safe Yaya bai taɓa shayinsa ba. Ina ɗaura mayafi ya dube ni ya ce, "Kin gaji da gadina, ko?" Na ce masa a'a, amma maganar ta tsaya mini a ƙirji har muka isa asibiti.

Mun tarar ɗakin ya yi wani irin tsit. Likitoci sun yanke shawarar za a shiga da Direba tiyata washegari, kuma ba su yi masa alkawarin zai fito da ƙafar ba. 'Yarsa tana hanya daga nesa. Ya ce shi ba kilifa yake so ba, aska yake so, fes, don kada yarinyar ta zo ta ga mahaifinta kamar wanda aka tsinto. Baba ya sa sabuwar reza a askar, ya shafa masa kumfa, ya kai hannu kusa da kumatunsa. Sai hannun ya kama rawa. Ya janye, ya yarfe shi, ya sake kaiwa. Rawar ta ƙaru, har bakin askar yana ƙyalli yana ɓacewa. Duk wanda ke ɗakin ya gani.

Baba ya sauke hannun, ya juya wajen Yaya. Na san abin da zai yi tun kafin ya yi. 

Ya ce da shi, ido cikin ido, "Ɗana, tunanin nan, yana zuwa har yanzu?"

Yaya ya ce, "Yana zuwa."

"Yau ya zo?"

"Ya zo da safe. Ya tafi."

"Idan ya dawo, za ka faɗa mini? Ko ita, ko likitanka?"

 Yaya ya ce, "Zan faɗa."

Ɗakin asibiti ba ya da sirri, gado yana jikin gado. Direba ya ji komai. Baba ya ce masa, "Ka ji da kunnenka. Hannuna ya ƙi. Shi kuwa ya iya, ni na koya masa. Amma wuyanka ne, kai za ka faɗa."

Direba ya kalli Yaya daga sama har ƙasa. Ya ce, "Gobe zan miƙa ƙafata ga mutanen da ban taɓa jin muryarsu ba. Kai ko na san ka. Zo, mai madubi. Gashin bakina kawai za ka bar mini, da shi aka san ni." Ya gyara kansa a kan filo, ya ɗaga haɓa, ya rufe ido.

Baba ya miƙa askar ta wajen mariƙi, Yaya ya karɓa. Ni kuma aka danƙa mini madubin, ina jin don a sama wa hannuna abin yi ne. Watanni muna ɓoye wa mutumin nan ko cokali mai kaifi, ga shi tsaye da aska tsirara, taku ɗaya daga inda nake, kuma ba abin da zan iya yi. Har yau ban ce tsorona kuskure ba ne. Duk wanda ya ji abin da na ji a bakin ɗan uwansa zai ji tsoro.

Yaya ya sa yatsu biyu ya ja fatar kumatun, kamar yadda yake yi wa mahaifinmu. Askar ta sauka. Ba ka jin komai sai ƙarar ta a kan gemu da juyawar fanka. Ya gama kumatu, ya goge a tawul, ya gangara haɓa. Da ya kai maƙogwaro sai ya tsaya. Direba bai buɗe ido ba, numfashinsa yana tafiya daidai kamar mai barci. Na ga idon Yaya ya ciko, ya sa kafaɗa ya share, ya ja numfashi, ya ci gaba a hankali har ya kai ƙarshe. Ya goge askar, ya ninke ta. Ya tsaya da ita a tafin hannu yana kallo, ni kuma zuciyata tana bugawa har cikin kunnena. Sannan ya miƙa wa Baba.

Na ɗaga madubin. Direba ya duba, ya murza gashin bakinsa, ya ce yanzu ko gwamna ne ya shigo ba zai ji kunya ba. Sai ya fizge madubin daga hannuna ya juya shi wajen Yaya. "Saura kai. Duba mana!"

Yaya ya so ya kau da kai, Direba ya ƙi saukewa. Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Baba, akwai sauran sabuwar reza?"

Gabana ya yanke ya faɗi. Sai na ga ya jawo kujerar roba ya zauna, ya ɗauki tawul ya yafa a wuyansa. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce reza dai ba da wannan hannun ba, sai dai kilifa. Ya kama ta da hannu biyu ya yi wa yayana askin da ya fi kowane muni a tarihin aikinsa, nan tudu, nan kwari, masu karaya suna ta ihu suna ba da shawara daga gadajensu. Na fita baranda na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Baba Madubi, mai gyaran fuskar da aka manta. Kai ne ka zo ƙofarmu da roƙo, alhali mu ne mabuƙata. Kai ne ka gane cewa mutumin da kowa yake lallaɓawa yana jin kansa kaya ne a wuyan mutane, kuma abin da yake nema shi ne a ce da shi, "Zo, ba za mu iya ba sai da kai." Ba ka taɓa cewa kai likita ne ba, ba ka bar shi ya tsallake ranar asibitinsa ba ko sau ɗaya. Ka yi masa tambayar da mu 'yan gidansu muka ji tsoron yi, ka kuma tsaya ka ji amsar.

Yaya bai gama warkewa ba, kuma ba ya ɓoyewa. Yana shan maganinsa, yana ganin likitansa. Akwai ranakun da gari yake yi masa nauyi, kuma sau da yawa ya cika alkawarin da ya ɗauka, ya zo ya ce mini, "Yau ya zo." Sai mu zauna tare har ya wuce. Amma ya koma aikinsa, yana cin abinci, kuma Litinin da Alhamis ba ya bari komai ya tare shi. Direba ya rasa ƙafar daga gwiwa. Yakan zo da sandunansa ya zauna bakin taga, yana hana sababbin kwanciya sakewa da tsokana.

Alhamis ɗin da ta wuce Baba ya zo ya yi sallama da ɗakin. Bai yarda a yi taro ba. Ya bi gadajen yana gaisawa, sannan ya sauke jakar daga kafaɗarsa ya rataya wa Yaya, da duk abin da ke cikinta. Yaya ya shigo da ita gida ya rataye a ƙusa cikin ɗakinsa. Inna ta tsaya a tsakar gida tana kallon jakar ta ƙofa, ta kalle ni, na kalle ta. Babu wadda ta motsa a cikinmu. Can sai ta sunkuya ta kwance makullin daga bakin zaninta, ta buɗe akwatin ƙarfe, ta mayar da wuƙaƙenta kicin. Ranar a fili ta yanka albasa.

Mun gode, Baba. Allah ya huta gajiya, ya sassauta wa hannun nan da ya yi wa dubban mutane hidima.

Ku kuma masu karatu, idan akwai wani a gidanku da ya ja ƙofa ya daina fitowa, ku fara kai shi wurin likita, kada ku tsaya sauraron masu cewa lalaci ne. Bayan haka ku nemo masa wurin da ake buƙatarsa, komai ƙanƙantar aikin. Idan kuma kai ne a bayan ƙofar, akwai ɗakin da ake jiran hannunka. Ko aski ba sai ka iya ba. A ɗakin masu karaya yanzu haka babu mai riƙe madubi, kuma Yaya ya ce in gaya muku kafaɗarsa tana ciwo.